Sassaƙar mutanen Seiffen: na ga an fasa zoben katako dawakai sun fito

Abba Freiberg:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekarata biyu ina karatu a Freiberg, kuma duk lokacin sanyi ina ganin tagogin gidajen garin nan sun cika da wani baka na katako mai fitilu a jere, ban taɓa tambayar dalili ba. Asabar ɗin da ta wuce wani abokin karatuna ɗan yankin ya ɗauke ni zuwa Seiffen, wani ƙauye a kan duwatsun Erzgebirge dab da iyakar Jamus da ƙasar Cek. Abin da na gani har yanzu bai bar raina ba.

A gidan tarihinsu na fili akwai wani tsohon ɗakin aiki da aka gina wajen 1760, wanda ƙarfin ruwa ke juya injinsa. Wani dattijo ya ɗauko guntun itace ɗanye sharaf, domin sai an jiƙa shi a ruwa kafin a yi aikin, ya ɗaura a kan injin, itacen na juyawa shi kuma yana kafa ƙarafansa yana fere shi. Tsiri-tsirin itace na tashi kamar taliya. Bayan wani lokaci ya cire wani zobe mai kama da taya, mai ƙwari da tudu a jikinsa. Ni dai ban ga komai ba sai zobe. Sai ya ɗauki wuƙa da guduma ya datsa shi, ya ɓantaro yanki ɗaya ya miƙo mini. Doki ne. Kai, wuya, gadon baya, ƙafafu, duk sun fito. Ya ci gaba da yankawa kamar ana yanka burodi, kowane yanki doki. Zobe ɗaya yakan ba da dabbobi arba'in zuwa sittin.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, lokacin da yake feren ba ya ganin dokin. Siffar tana ɓoye a cikin zoben, sai an fasa ake sanin ko ya yi daidai. Suna kiran aikin Reifendrehen, kuma a wannan yankin aka ƙirƙiro shi wajen 1800. Ina so in sayi wani abu in kai gida, amma farashin ya tsorata ni. Masu sani ku ba ni shawara.

Ɗan Masassaƙa:
Wa alaikumus salam. Abba, tsaya in fahimce ka. Ni a gidan sassaƙa na tashi, kakana turmi da akushi yake yi, ni kuma na koma kafinta. Kana nufin ƙafafun dokin ma daga cikin zoben suke fitowa?

Abba Freiberg:
Ƙwarai kuwa Yaya. Yana fere rami a ƙarƙashin zoben, ramin nan shi ne tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Bayan an yanka, sai wani ya bi da wuƙa ya zagaye cikin, ya raba ƙafar hagu da ta dama, a liƙa kunne da jela ko ƙaho, sannan a yi fenti.

Ɗan Masassaƙa:
To na gane. Wallahi wannan mutumin ya isa a kira shi gwani. Wanda bai taɓa riƙe gizago ba ba zai san nauyin abin da ka faɗa ba. Mu idan muna raraƙe turmi, kaurin bangon da ya rage da hannu da kunne ake jin sa, ana ƙwanƙwasawa ana saurare. Amma aƙalla muna ganin turmin. Shi wannan yana sassaƙa abin da ke cikin kansa ne kawai, ga itacen na gudu. Kuskure ɗaya ya ɓata dawakai hamsin a lokaci guda. Ɗanyen itace kuma na gane dalilinsa, busasshe zai riƙa tsagewa ne a bakin ƙarfe.

Hajiya Mai Kaya:
Ni fa ku yi haƙuri, zan faɗi abin da na sani na kasuwa. Irin sojojin katako masu manyan haƙora da ake sassaƙawa a yankin nan na gan su a Sin, kwali-kwali, kuɗin guda bai kai na kwanon abinci ba. A tsaya a nesa ba mai bambance su. Ɗalibi da ke lissafin kuɗin haya me zai kai shi sayen ɗan katako da tsadar buhun shinkafa? Kuma tunda har inji ne ke juya itacen, ina aikin hannun da ake ta kambamawa?

Maman Hanif:
Hajiya, barka da dare. Shekarata goma sha shida a Leipzig, kuma na taɓa yin irin tunaninki. Shekarar da na zo na sayi wata dala ta katako mai fuka-fukai a sama, wadda zafin kyandir ke juyawa, irin ta yankin nan, a wata kasuwar Kirsimeti, mai araha, mai shagon bai ce mini komai game da inda aka yi ta ba. Na kunna kyandir huɗu, ta yi zagaye biyu ta tsaya cak, kafin in ankara fuka-fukan sama sun fara baƙi suna hayaƙi. Da ban kasance a ɗakin ba da labari ya sha bamban. Maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar asalin Annaberg, wani gari a yankin duwatsun nan, ita ta nuna mini tata da ta gada wurin uwarta. Kyandir biyu kawai ta kunna, abin ya kama juyawa a hankali ba ƙara ba girgiza. Ta nuna mini sirrin: tsinin sandar tsakiya yana zaune ne a kan wani ɗan faranti na gilashi, kuma kowane fiffike an karkata shi daidai yadda zafin da ke tashi zai tura shi. Idan nauyin mutum-mutumin da ke kan faifan bai daidaita ba, ba za ta juya ba. Wannan daidaiton shi ake saye.

Bitrus Jos:
Ina gaishe ku duka. Abba, ka tambaye su me ya sa ƙauyen da ke kan dutse ya koma sassaƙa? Na ji an ce yankin na ma'adinai ne.

Abba Freiberg:
Na tambaya Baba Bitrus, kuma amsar za ta taɓa ka. Kuza ce. Sunan ƙauyen ma daga wankin kuza ya samo asali, wato a tara ƙasa a wanke ta da ruwa kuzar ta kwanta. A 1324 aka fara ambaton wurin a rubuce. Shi kansa sunan Erzgebirge ma'anarsa duwatsun ma'adinai. A nan Freiberg an gano azurfa tun 1168, mutane suka yi ta kwararowa, garuruwa irin su Schneeberg da Annaberg duk azurfa ce ta kafa su. Da arzikin ƙasa ya fara ja da baya, a Seiffen mutane suka rasa abin yi. Noma ba ya ciyar da gida a can, ƙasar duwatsu ce ga sanyi mai tsawo. Abin da ya rage musu shi ne daji da ruwa mai gudu. Injinan da ruwa ke juyawa ana daka dutse da su, sai aka mai da wasu na juya itace. Da farko farantai da maɓallai da mazari suke yi, daga baya suka koma kayan wasan yara. A tsakiyar ƙarni na 19 aka rufe harkar haƙar a ƙauyen gaba ɗaya.

Bitrus Jos:
Allah sarki. Kakana a ramin kuza ya ƙare ƙuruciyarsa a nan Filato, yana ɗaukar kwanon ƙasa a ka. A lokacin yaƙin duniya na biyu ma dole aka riƙa yi wa mutane a kawo su aikin. Da kuzar ta faɗi, kududdufai aka bar mana, har yau suna nan suna cin dabbobi da yara. Shi ya sa labarin nan ya tsaya mini a rai. Mutanen da na sani ne, ko da ban taɓa ganin su ba. Wanda ya shiga rami ya san darajar haske.

Maman Hanif:
Baba, ka taɓo ainihin wurin. Bakan nan da Abba ya gani a tagogi, Schwibbogen, maganar haske ce daga farko har ƙarshe. A lokacin hunturu a nan, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, kafin huɗu da rabi duhu ya rufa. Mahaƙi zai shiga rami da duhu, ya wuni cikin duhu, ya fito cikin duhu, makonni bai ga rana ba in ba ranar hutu ba. A aikin ƙarshe kafin Kirsimeti sukan taru su yi addu'a su ci abinci tare, kowa da fitilarsa. Mafi tsufan bakan da aka sani na 1740 ne, daga garin Johanngeorgenstadt, kuma na ƙarfe ne, maƙerin ramin ne ya ƙera shi. Na katako daga baya suka yawaita. Wasu na cewa siffar bakin rami ce, wasu na cewa sararin sama ne da mahaƙi ke kewa.

Zanen da aka fi gani a cikin bakan, wata mata mai suna Paula Jordan ce ta tsara shi a 1937: mahaƙa biyu a tsakiya, masassaƙi a gefe, mai saƙar leshi a ɗaya gefen. Sana'o'i ukun da suka riƙe yankin ke nan. Tsohuwar nan maƙwabciyata tana kuma jera mahaƙi ɗaya da mala'iku biyu na katako a taga, kowanne riƙe da kyandir. Ta ce a garinsu mahaƙi na ɗa namiji ne, mala'ika na 'ya mace, mai wucewa ya duba taga ya san 'ya'yan gidan nawa ne. Ɗanta ya rasu da daɗewa, amma mahaƙin nan ba ta taɓa fasa fito da shi ba.

Malam Abu Zainab:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ban raina gwanintar mutanen nan ba. Amma tunda Abba gida zai kai, wajibi ne a tuna masa hukuncin mutum-mutumi. Siffar abu mai rai da aka sassaƙa don a ajiye a matsayin ado, jumhurun malamai sun hana. Balle siffar mala'ika, wadda ba wanda ya san kamanninta, balle kuma abin da aka yi domin bikin wani addini. Kada sha'awar aikin hannu ta sa mu manta da wannan.

Issoufou Hamburg:
Malam, gaskiya ka faɗa, sai dai kayan ba iri ɗaya ba ne. Dabbobin zoben nan na wasan yara ne, kuma ya tabbata Nana Aisha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ban ce ya sayi mala'ika ba.

Malam Abu Zainab:
Na yarda da wannan rarrabewar, malamai da yawa sun yi rangwame a kan abin wasan yara. Sharaɗin dai ya zama a hannun yara yake, ba a kan kabad ana kallo ba. Idan kuwa akwai wanda ba siffar mai rai, ya fi kwanciyar hankali.

Abba Freiberg:
Akwai Malam. Na ga wasu bishiyoyi da suke yi, Spanbaum. Sanda ɗaya ce ta itace mai laushi, mutum ya riƙa tura cizal daga ƙasa zuwa sama yana nannaɗe siririn ɓawo ba tare da ya tsinke ba, layi bayan layi, har sandar ta zama bishiya mai rassa a murɗe. Ba gam, ba ƙusa. Akwai kuma ƙananan gidaje, da motoci, da jiragen ƙasa. Na gode da tunatarwa.

Bitrus Jos:
Mu a wajenmu Kirista ba bauta wa waɗannan abubuwa ake yi ba, tuni ne kawai. Amma na fahimci Malam, kowa ya tsaya inda addininsa ya tsayar da shi. Ni dai in Allah ya kai ni, bakan nan zan saya saboda kakana.

Hajiya Mai Kaya:
To na ji tarihin, kuma ya ba ni tausayi. Amma ba a amsa tambayata ba. Tausayi daban, ciniki daban. Su waɗanda suka fara sana'ar ai don araha suka ƙirƙiro zoben nan, ko ba haka ba? Dabara ce ta yin da yawa cikin sauri. To ɗan Sin ma abin da ya yi ke nan.

Issoufou Hamburg:
Hajiya, a nan kin kama gaskiya, kuma ba kowa ke son faɗin ta ba. A ƙarni na 19 kayan Seiffen su ne masu arahar duniya. Jirgin Annabi Nuhu na katako cike da dabbobi biyu-biyu ana lodin sa zuwa Ingila da Amurka, dillalai na saye a wulaƙance suna kaiwa ta hannun 'yan kasuwar Nuremberg da sauransu. Gida guda kowa na aiki: uba na fere, uwa na fenti, yara ƙanana na liƙa kunnuwa har dare, kuma duk da haka da ƙyar ake cin abinci. Kyawun da muke gani yau a bayan gilashi daga talauci ya fito.

Har ƙanƙantar kayan ma dalilin kasuwa ne. Da wasu ƙasashe suka koma karɓar kuɗin kwastam bisa nauyin kaya, sai masu sana'ar suka ƙanƙanta komai, har a farkon ƙarni na 20 suka fara shirya ɗaki guda da mutanensa da kujerunsa a cikin kwalin ashana. Har yau ana yin su.

Inda na rabu da ke shi ne, ɗan Seiffen bai kwaikwayi kayan wani ya liƙa musu sunan garin wani ba. Nasa ya ƙirƙira. Matsalar kayan kwaikwayo ita ce ana sayar wa baƙo da su a kasuwar Jamus yana zaton na dutsen ne. Shi ya sa bayan haɗewar Jamus a 1990 masu sana'ar suka kafa ƙungiya, suna da tambari na ɗan mahayi a kan dokin lilo. Abba, ka duba wannan tambarin ko hatimin gidan da ya yi kayan a ƙarƙashinsa.

Hajiya Mai Kaya:
Wannan na yarda da shi. Sayar da kaya da sunan da ba nasa ba ha'inci ne, ko a Kantin Kwari ko a Jamus. Amma a rubuta gaskiya a jiki, mai ƙaramin ƙarfi ya sayi daidai aljihunsa, ban ga laifi ba.

Ɗan Masassaƙa:
Hajiya, maganar inji da kika yi ita nake so in koma wa. Keken ɗinki inji ne, amma ba wanda ya ce tela ba gwani ba ne. Injin nan juya itace kawai yake yi, ƙarfen yana hannun mutum. Ranar da aka ce kwamfuta ce ke riƙe ƙarfen, to a nan zan bi bayanki.

Abin da nake so in sani, wa ke koyon aikin yanzu? Domin mu a gidanmu, cikin jikokin kakana goma sha ɗaya ba wanda ya iya fafe akushi. Roba da silba sun kashe kasuwar, yaran kuma suna jin kunyar a kira su masassaƙa.

Abba Freiberg:
Akwai makaranta a cikin Seiffen ɗin, Yaya, ta koyon yin kayan wasa na katako da aikin injin juya itace. Shekara uku ake yi, ana raba lokaci tsakanin aji da ɗakin aikin maigida, a ƙarshe a ba ka takardar shaida kamar kowace sana'a a Jamus. Amma su ma suna kuka. Abokina ya ce matasa na gudu zuwa Dresden da Leipzig, masu gidajen aiki na tsufa ba magaji. Masu iya feren zoben nan kuwa 'yan ƙalilan ne suka rage.

Maman Hanif:
Kuma kada a ɗauka hanyar ta zo musu a miƙe. A zamanin Jamus ta Gabas gwamnati ta ƙwace gidajen aiki da yawa, musamman a 1972, kuma mafi kyawun kayan waje ake fitarwa don a samu kuɗin ƙasashen Yamma. Maƙwabciyata ta ce mutumin yankin da ƙyar yake samun abin da ƙauyensu ya sassaƙa, sai yana da sani a shago. Wannan ya sa gidaje da yawa suka riƙa yin nasu da hannunsu da yamma bayan an tashi aiki.

Wani abu da nake so a cikin kayan nan, ku lura da wanda aka ba wane aiki. Mai fasa ƙwallon nan, Nussknacker, kusan kullum sarki ne ko soja ko ɗan sanda ko mai gadin daji, fuska a murtuke, haƙora a waje. Wilhelm Füchtner ne ya fitar da wannan siffar a Seiffen wajen 1870, kuma zuriyarsa na kan aikin har yanzu. Talaka ya sassaƙa mai mulki, ya cusa masa ƙwallo mai tauri a baki, ya danna sandar bayansa ya ce fasa mini. Shi kuwa ɗan hayaƙin, Räuchermännchen, talaka ne ɗan'uwansu: mahaƙi, mai tallan kaya, mai share bututun hayaƙi, makiyayi, da lofe a baki. Ana raba shi biyu, a kunna ɗan curin turaren wuta a ciki a rufe, hayaƙin ya riƙa fitowa ta bakinsa a hankali.

Issoufou Hamburg:
Anti, ita ma dalar da ta ƙone miki, ana danganta siffarta da injin da dawakai ke zagayawa suna jawo kaya daga cikin rami. Duk inda ka juya a kayan nan sai ka tarar da ramin. Wanda ya je kasuwar Striezelmarkt ta Dresden, wadda ake ci tun 1434, zai ga wata da ta haura mita 14. A 2019 kuma UNESCO ta sa yankin haƙar gaba ɗaya, ɓangaren Jamus da na Cek, cikin wuraren tarihi na duniya.

Ɗan Masassaƙa:
Abba, ina da roƙo. Idan ana sayar da yankin zoben da ba a gama ba, wanda ba a bi da wuƙa ba kuma ba fenti, ka sayo mini ko da guda uku ne, in ma da hali da guntun zoben da ba a yanka ba. Zan biya. Akwai wani mai injin juya ƙafafun gado a layinmu, ina so mu zauna da shi mu duba. Ban ce za mu iya ba, itacenmu ma ba irin nasu ba ne, amma ina so in riƙe shi a hannuna in ga inda ƙarfen ya bi.

Abba Freiberg:
Ana sayarwa Yaya, na gan su a kwando kusa da ƙofa, kuma su ne mafi araha a wurin. Ba sai ka biya ba. Zan koma ranar Asabar ta sama kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Na yanke shawara: bishiyar Spanbaum guda biyu ga Umma, ɗan jirgin ƙasa ga ƙannena, yankan zobe ga Yaya. Hajiya, ke me zan kawo miki?

Hajiya Mai Kaya:
Kwalin ashanar nan da Issoufou ya ambata, in akwai wanda ba mutane a ciki. Ka ɗauko mini hoton ƙarƙashinsa tukuna in ga tambarin, sannan ka faɗa mini kuɗin.